Lamu, Zanzibar ko Fethiye: a ina ya fi a hau ƙaramin jirgin ruwa a zaga gaɓar teku?

Wanda duk ya cika kallon hotunan nan na Instagram, jirgin katako da farin ƙyalle a miƙe iska na tura shi, ruwa shuɗi shar kamar an zuba masa bula, ya san yadda abin ke shiga rai. Matsalar ita ce hotunan duk iri ɗaya ne, amma tafiyoyin ba ɗaya ba ne ko kusa. Wurare uku ne na ga sun fi dacewa da mai tasowa daga Kano ko Abuja ko Yamai in yana son irin wannan yawo: tsibirin Lamu a Kenya, Zanzibar a Tanzaniya, sai gaɓar Fethiye a kudu maso yammacin Turkiyya. Duk ukun garuruwan Musulmi ne, za ka ji kiran salla, nama ba abin fargaba ba ne, shi ya sa ma na bar su Girka da Kuroshiya a gefe, ga kuma wahalar bizar Turai da kowa ya sani.

Kafin a shiga ɗaya bayan ɗaya bari mu aje ma'auni. Na farko shiga ƙasar, wato biza da jirgin sama, don da yawa a nan lissafinsu ke rushewa tun ba su ga ruwa ba. Na biyu kuɗi. Na uku shi kansa jirgin, ƙarfinsa, banɗakinsa, da ko za ka iya kwana a ciki ba ka tashi da ciwon baya ba. Na huɗu haɗari, na ruwa da na tsaro. Na biyar kuma wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi shi ne su waye za ka zauna da su a jirgin, domin jirgin ruwa ba otal ba ne da za ka ja ƙofarka ka rufe, idan abin da ake yi a ciki bai yi maka ba babu inda za ka, sai dai ka yi ta kallon teku har a iso.

Akwai kuma maganar iyo. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu mutanen tudu ne ba mu iya ruwa ba, kuma mun sha jin yadda kwale-kwale ke kifewa da mutane a Neja da Kebbi da Kwara saboda lodi ya yi yawa kuma babu rigar ruwa. To ka riƙe wannan a duk inda ka zaɓa cikin ukun.

Mu fara da Lamu. Tsohon gari ne na Swahili a arewacin gaɓar Kenya, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, lungunansa ƙanana ne mota ba ta shiga, jakuna ne ke dakon yashi da siminti da buhunan shinkafa, sai 'yan babura da suka shigo daga baya a bakin ruwa. Filin jirgin ma ba a kan tsibirin yake ba, yana Manda da ke tsallake, kana sauka da akwatinka sai kwale-kwale, ka ga tun ranar farko ka fara abin da ya kawo ka. Daga Najeriya Kenya Airways na tashi Legas zuwa Nairobi, Ethiopian kuma na ɗauka daga Kano da Abuja da Yamai ta Addis Ababa, daga Nairobi ka sake hawa ƙaramin jirgi. Maganar shiga ƙasa Kenya ce ta fi sauƙi a ukun nesa ba kusa ba, tun farkon 2024 suka koma tsarin eTA, wato izinin shiga ƙasa da ake cikewa a intanet, a 2025 kuma gwamnatinsu ta sanar da ɗage ma wannan ga mafi yawan 'yan Afirka. Duk da haka ka duba dokar da ke aiki ranar da za ka yanki tikiti, kuma katin rigakafin shawara kar ya bar jakarka, nan da Tanzaniya duk za su iya tambaya.

A Lamu ne kawai cikin ukun nan za ka ce lallai iska ce ke tafiyar da kai. Jirgin nasu ba don baƙi aka ƙirƙire shi ba, da shi suke kamun kifi da jigilar itace da duwatsun gini, a ƙauyen Matondoni har yau ana sassaƙa shi da hannu. Ƙyallen guda ɗaya ne mai kusurwa uku a ɗaure jikin wata doguwar sanda, idan za a juya sai matuƙi, su nahodha suke ce masa, ya daka tsawa yara biyu su ruga su kewayo da sandar ta gaban turken, kowa ya sunkuyar da kai, in iska ta yi ƙarfi kuma jirgin ya kwanta gefe guda sai su turo wani katako waje yaro ya hau can ƙarshensa ya zauna a saman ruwa don nauyi ya daidaita. Ranar farko hanjinka zai kaɗa, rana ta biyu kai ne mai cewa a ƙara.

Yawon yini ana zuwa kufan Takwa a Manda, wanda sai ruwa ya cika ake iya ratsa ɗan mashigin da ke tsakanin itatuwan bakin teku, in ka makara ruwa ya janye to zama ya kama ka, ko a je Manda Toto a yi wanka, a gasa kifin da aka kama a hanya kan gawayi a cikin jirgin, a haɗa da shinkafar kwakwa. Mai son kwana biyu uku yana iya nufar Pate da Siyu har Kiwayu. Kuɗi a shilin ake yi kuma jirgin gaba ɗaya ake ciniki ba kujera ba, shi ya sa idan kun kai ku biyar ko shida abin ke zuwa da arha sosai. Ka yi ciniki da nahodha da kansa, ku tsayar da magana kan abinci da ruwan sha da man inji na ko-ta-kwana da lokacin dawowa, kar ka biya duka sai an dawo.

Inda Lamu ta gaza shi ne jin daɗi da tsaro. Yawancin jiragen babu ɗaki, katifa ce a shimfiɗe a kan katako, banɗaki kuma in akwai to wani ɗan akwati ne da aka rataya a bayan jirgi a saman ruwa, Hajiya ba za ta yi maka godiya ba. Tsaro kuwa yankin na iyaka da Somaliya, a 2011 an sace Turawa a Kiwayu da Manda, a 2014 aka kai harin Mpeketoni, a Janairun 2020 Al-Shabaab ta afka wa sansanin soja na Manda Bay. Shi kansa garin Lamu da ƙauyen Shela da ke kusa da shi mutane na harkokinsu lafiya, baƙi na zuwa, amma hanyar mota daga Malindi ba shawarata ba ce, ka hau jirgin sama, kuma tafiyar arewa wajen Kiwayu ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki a satin, ka kuma karanta takardar inshorarka don wasu kamfanonin ba sa biya a wuraren da aka yi gargaɗi a kansu.

Ta fuskar abokan zama babu kamar Lamu. Ku ne kaɗai a jirgin, ma'aikatan Musulmi ne, ka ce a tsaya a yi salla ba wanda zai kalle ka, alƙibla daga can wajen arewa take kuma su za su nuna maka. Idan tafiyarka ta dace da watan Rabi'ul Awwal akwai babban Maulidin masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa, har tseren jirage da na jakuna ake yi, sai dai masauki na wuya a lokacin.

Zanzibar ita ce wadda kowa ya sani, amare da anguna sun gama tallata ta. Ethiopian na sauka can kai tsaye daga Addis, ko ka sauka Darussalam ka hau babban jirgin ruwa na kamar awa biyu. Amma ga inda gizo ke saƙar: masu fasfon Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran na iya cin makonni. Kar ka biya otal da tikitin da ba a mayar da kuɗi kafin ta fito. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44, ko da kana da taka.

Yawon ruwa a Zanzibar kusan duk na yini ne ko na 'yan awanni, ka dawo otal ka yi wanka da ruwan zafi ka kwana a gado. Daga Stone Town, tsohon garin Zanzibar, ana zuwa tsibirin Changuu wurin manyan kunkuru da tudun yashin Nakupenda da ke ɓacewa in ruwa ya cika, daga Fumba ana fita Menai Bay da tsibirin Kwale, a Nungwi da Kendwa kuma akwai fitar yamma ta kallon faɗuwar rana. Kuɗin kowane kai ne, na yamma 'yan daloli gomomi, na yini da abinci ya fi haka amma da wuya ya wuce dala ɗari sai in kun ɗauki jirgin ku kaɗai. Ka zo da sabbin takardun dala don tsofaffin ba sa karɓa, ka kuma canza shilin. Abincin octopus ne, halittar tekun nan mai hannuwa takwas, da jatan lande da ƙaguwa da kifi, a Malikiyya duk halal ne, amma cikin da bai saba ba a bi shi a hankali, tsakiyar teku ba wurin gwaji ba ne.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne yawancin jiragen da inji suke tafiya, ƙyallen sai a hanyar dawowa ake ɗagawa in iska ta yarda, wani lokacin ma don hoto kawai. Kuma cunkoso, a lokacin baƙi za ka iske jirage jere a tudun yashi ɗaya kowa na neman inda zai tsaya. Fitar yamma ta Nungwi wasu da kiɗa da giya ake yi, in da iyali kake ka tambaya tun a ƙasa ko ku ɗauki naku. 'Yan bakin ruwa masu tallan yawo, papasi ake ce musu, za su bi ka da farashi mai daɗi, wasunsu na ƙwarai ne wasu kuma dillalai ne kawai da za su tura ka jirgin da ya riga ya cika. Zanzibar ta san zafin lodi, a Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba da ɗaruruwan rayuka, a Yulin 2012 Skagit ya bi baya. Waɗannan manyan jiragen fasinja ne ba na yawo ba, amma dalilin dai shi ne wanda muka sani a gida. Ka ƙirga kawuna ka ƙirga rigunan ruwa kafin ka taka, in ba su kai ba ka sauka ko an ƙi mayar maka da kuɗinka. Jirgin kaya na dare da ke tsallakawa daga gaɓar Tanzaniya zuwa Zanzibar kuwa ko kyauta aka ce kar ka hau.

Lamu da Zanzibar iska ɗaya ke mulkinsu. Kaskazi na busowa daga arewa maso gabas kamar daga Disamba zuwa Maris, ruwa a kwance, shi ne lokacin sabon shiga. Kusi na zuwa daga kudu wajen Afrilu zuwa Satumba, ta fi ƙarfi kuma teku na tashi, ga ruwan sama mai yawa a Afrilu da Mayu har wasu masaukai kan rufe.

Sai Turkiyya, wadda wani aji ne daban. Jirgin nasu gulet sunansa, na katako ne shi ma amma babba, mita ashirin zuwa talatin, da ɗakuna kamar shida ko takwas kowanne da ɗan banɗakinsa da shawa, da kuku, da dogon teburin cin abinci a baya. Turkish Airlines na zuwa Istanbul daga Legas da Abuja, daga nan ka hau na cikin gida zuwa Dalaman, Fethiye da Göcek na kusa. Biza sai ka haɗa takardu, bayanan banki da shaidar aiki da bukin ɗin masauki, ka ba ta lokaci. Kakar daga Mayu ce zuwa Oktoba, Yuli da Agusta zafi da tsada da cunkoso, ni Yuni ko Satumba zan ce.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta kwana uku daga Fethiye, a bi ta Ölüdeniz da tsibirin Gemiler, a wuce Kaş, a kai Kekova inda ake hango katangu da matakalan tsohon gari a ƙarƙashin ruwa, an hana iyo a kansu sai dai jirgi ya bi a hankali a leƙa, a hau ganuwar Simena, a ƙare a wajen Demre mota ta kwashi masu zuwa Olympos. A wannan hanyar akwai wani yanki tsakanin Ölüdeniz da Kalkan da teku ke buɗewa, kyaftin kan tada inji tun kafin asuba don ya wuce kafin iska ta tashi, mai saurin jiri ya sha maganinsa tun dare. Wanda ba ya son wannan ya zaɓi zagayen tsibiran Göcek, ruwan can a rufe yake lumui. Da yamma ana sakin anka a ɗaure bayan jirgi da igiya a jikin dutse, don haka ba ya juyawa, ka duba alƙibla sau ɗaya wajen kudu maso gabas ta ishe ka har safe. Da hantsi za ka ga ƙaramin kwale-kwale ya matso, wata dattijuwa a zaune tana murza gözleme, wata irin gurasa ta Turkawa, tana gasawa a kan tanda a cikin kwale-kwalen, wani kuma na tallan askirim. Zanzaro ne dai ke damun mutane a kan zuma da jam lokacin karin kumallo.

Kuɗi a yuro ne. Ɗaki a jirgin haɗaka na kwana uku ɗaruruwan yuro ne kowane mutum da abinci sau uku, amma abin sha daban ake lissafawa, a wasu jiragen har ruwan gora, ga ɗan ihsanin ma'aikata a ƙarshe, ga esi da ba kowane jirgi ke da shi ba, mai shi ma awanni kaɗan ake kunnawa, shi ya sa rabin mutane a waje suke kwana. Ɗaukar jirgin gaba ɗaya na sati, yawanci Asabar zuwa Asabar, wannan maganar dubban yuro ce. Kuma a sani, gulet ma da inji yake tafiya mafi yawan lokaci, nauyinsa ya fi ƙarfin ƙyallen.

Babbar matsalar gulet a wurin mutanenmu ita ce haɗakar. Za a haɗa ka da baƙi goma sha wani abu daga ko'ina, yini ake cikin kayan wanka, da dare giya, wasu jiragen ma na 'yan shekara ashirin ne masu kiɗa har tsakar dare. Babu wanda zai takura maka, Turkawan ma'aikatan ma sukan ji daɗi in sun ga kana salla, amma kwana uku kana sunkuyar da kai a kan kuɗinka ba hutu ba ne. Akwai masu hayar jirgi ba giya don iyalai masu kiyaye addini, sai dai wannan sai kun ɗauke shi duka.

| | Lamu | Zanzibar | Fethiye |
|---|---|---|---|
| Shiga ƙasa | mafi sauƙi | biza tun daga gida, da jira | biza da takardu |
| Kuɗi | arha in kuna da yawa | matsakaici, kowane kai | mafi tsada |
| Jirgi | ƙarami, ba ɗaki | ƙarami, yini kawai | babba, ɗaki da banɗaki |
| Tafiya da iska | sosai | jefi-jefi | kaɗan |
| Haɗari | tsaron yankin, kayan ceto | lodi, dillalai | jiri a buɗaɗɗen teku |
| Abokan zama | ku kaɗai | haɗaka ko ku kaɗai | haɗaka, sai mai hali |
| Lokaci | Disamba zuwa Maris | Disamba zuwa Maris, Yuni zuwa Oktoba ma ana zuwa | Mayu zuwa Oktoba |

To wa ya dace da ina? Ango da amarya, ko mai ƙananan yara, ko wanda bai taɓa hawa ruwa ba yana so ya ɗanɗana ya koma gadonsa, Zanzibar, da sharaɗin an fara neman biza da wuri kuma an ƙara kuɗi an ɗauki jirgi ku kaɗai ko da na rabin yini ne. Rigar ruwa ta yara ka saya ka taho da ita, wadda za a ba ka a can ta manya ce, yaro zai zame ta ƙasa.

Samari abokai huɗu zuwa shida da ke son su ji yadda ake sarrafa jirgi da iska, ba su damu da kwana a katifa ko wanka da bokiti ba, Lamu, kuma ni da za a ce in zaɓi ɗaya tak ita zan ɗauka. Ku sauka a Shela ko cikin gari, ku fara da fitar yamma da nahodhan da kuke tunani, in kun ga yadda yake da yaransa da kayansa ya yi muku sannan ku yi maganar kwana.

Babban gida kuwa, Alhaji da Hajiya da 'ya'ya da surukai mutum goma ko sha biyu, masu son banɗaki mai ƙofa da abinci a kan lokaci, gulet na Göcek a ɗauke shi gaba ɗaya, in aka raba kuɗin a kan kawuna bai kai yadda yake tsorata mutum da farko ba, kuma ku ke faɗin abin da za a dafa da inda za a tsaya, har ku ce ranar Juma'a a matsa kusa da gari. Mai tafiya shi kaɗai ko su biyu da ke kallon ɗakin haɗaka saboda arha, ya rubuta wa kamfanin ya tambayi shekarun sauran fasinjojin da ko jirgin na kiɗa ne, in suka yi ta kewaye-kewaye ba su ba shi amsa ba ya nemi wani.